Tarukan masu rubuta manhaja: yadda jadawali ke rage mahalarta daga Tamale

A manyan tarukan masu rubuta manhaja da harshen Python an saba da tsari guda. Ana fara bita ga masu koyo, a tsakiya a gabatar da jawabai, sannan a rufe da aikin gayya, inda mahalarta ke zama rukuni-rukuni suna gyara manhajojin da kowa ke amfani da su kyauta. Haka PyCon na Amurka yake yi, kuma irin wannan tsarin ne aka ɗauko lokacin da aka gudanar da PyCon Africa na farko a Accra a watan Agustan 2019.

Matsalar ita ce bitar kan faɗo a ranakun aiki, gayyar kuma ta zo bayan jama'a sun fara haramar komawa gida. Ga matashin da ke zaune a Nyohini cikin Tamale, tafiya Accra ta kai kusan kilomita 600, wato yini ko kwana guda a mota. Ɗalibin jami'ar UDS ko ma'aikacin da ya samu izinin kwana biyu dole ya zaɓa, kuma abin da ya fi sauƙin bari shi ne farko da ƙarshe. A nan ne kuwa ake koyon aikin da hannu, a nan ake sanin waɗanda za su ɗauki mutum aiki gobe. Jawabai galibi ana iya kallonsu daga baya a YouTube.

Saboda haka masu shirya taro a arewacin Ghana bai kamata su kwafi wannan jadawalin yadda yake ba. Zai fi dacewa a sa bita da safiyar Asabar, gayya ta biyo baya ranar Lahadi tun darasin bai huce ba, jawabai kuma a taƙaita su. Idan taron ya shafi Juma'a, a bar lokacin masallaci, a kuma kauce wa watan azumi da makonnin jarrabawa.

Akwai farashin da za a biya: manyan baƙi sun fi son jawabinsu ya samu ranar da zaure ya cika. Sai dai Tamale ta fi kusa da Wagadugu a kan Accra, kuma taron ƙarshen mako zai iya jawo matasa daga Burkina Faso da arewacin Togo, musamman idan an tanadi rukuni guda da zai yi aiki da Faransanci ko Hausa.