Wa Ke Biyan Mai Ba Ka Shawara? Kasuwar Jinga da Shawarar Noma Na Bunƙasa, Amma da Sauran Rina a Kaba

Idan ka lura, a 'yan damunan nan fuskokin da ke zuwa gonarka sun canza. A da, baƙon manomi shi ne malamin gona na gwamnati, da babur ɗinsa da littafin ziyara. Yanzu kuwa ga yaro mai goyon famfon feshi yana karɓar kuɗi a kan kowane tanki. Ga wakilin tarakta yana rubuta sunaye a waya. Ga ma'aikacin kamfani yana cewa ku haɗa ƙungiya a ba ku iri da taki bashi, ku biya da kaka. Ga kuma wani a WhatsApp da ke kiran kansa ƙwararre, yana sayar da darasin noman tumatir a kan 'yan dubbai.

Duk waɗannan rassa ne na sana'a guda, wato sayar da shawara da karɓar aikin wani a yi masa a biya. A duniya babbar harka ce. Da ita kamfanoni irin su McKinsey suka yi suna, da ita kuma kamfanonin Indiya irin su Infosys suka yi arziki, suna yi wa bankunan Amurka da Ingila aikin kwamfuta daga nesa. Mu a nan ba baƙon abu ba ne, sunansa jinga. Wanda ya taɓa ba 'yan ƙwadago jingar noman farko, ko ya ɗauki hayar garmar shanu don huɗa, ai ya san kan zancen. Abin da ya canza shi ne yanzu kamfanoni da jari da manhajar waya sun shigo ciki. Tambayar da ta shafe ka ita ce, wannan kasuwa za ta ɗore? In kuma ta ɗore, kai za ta amfana ko a kanka za a ci riba?

Me ya sa take girma?

Dalili na farko, gwamnati ta ja baya. Shirin bunƙasa aikin gona da aka fara da kuɗin Bankin Duniya a Funtuwa da Gusau da Gombe a 1975, wanda daga baya ya haifi hukumomi irin su KNARDA a Kano, shi ya cika karkara da malaman gona. Da kuɗin bankin ya ƙare a shekarun 1990, sai abin ya riƙa lalacewa a hankali. Tsofaffin malamai suka yi ritaya, ba a ɗauki isassun sababbi ba, waɗanda suka rage kuma sau da yawa ba su da ko kuɗin man babur. Yau malami ɗaya yana fuskantar dubban manoma. Gurbin da aka bari ne 'yan kasuwa ke cikewa.

Na biyu, hannun aiki ya yi tsada. Samarin da a da ake yin gayya da su sun tafi haƙar zinare, ko tuƙin adaidaita sahu, ko cirani. Shi ya sa maganin ciyawa ya kori fartanya a wurare da yawa, injin casa ya kori bugu da sanda, manoman shinkafa a Kura da Haɗeja da Kebbi kuma suke layi don injin girbi. Manomi mai kadada ɗaya ko biyu ba zai sayi waɗannan injuna ba, haya zai yi.

Sannan ga matsalolin da sanin kaka da kakanni bai isa ya magance su ba. Tsutsar nan mai cin masara ta ɓulla a Nijeriya a 2016. A shekarar ce kuma ƙwaron tumatir da manoman Kano ke kira sharon ya yi mummunar ɓarna. A 2023 cuta ta cinye citta a kudancin Kaduna. Idan irin wannan ta afka maka, dole ka nemi wanda ya sani, ko da kuwa za ka biya.

Saboda haka buƙata kam akwai ta, ba a ma magana. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen biya.

Aljihun da ke ciyar da mai shawara

Gaskiyar magana, manomi bai saba biyan kuɗi don magana kawai ba. Zai biya haro, zai biya feshi, zai biya allurar dabba, don yana ganin aikin da idonsa. Amma a ce ya ciro kuɗi don an gaya masa tazarar shuka ko lokacin zuba taki, da wuya. To tunda haka ne, duk wanda ya zo maka da shawara kyauta, ka sani wani ne ke biyansa. Kuma shawara takan karkata wajen mai biya.

Mai biya na farko shi ne ƙungiyoyin agaji da bankunan raya ƙasa. Su suka raini wannan sana'a. Ƙungiyar Sasakawa ta fara aiki a Nijeriya tun 1992, kuma a shirin bunƙasa noma da kiwo na jihar Kano, wanda Bankin Musulunci ya ba da kuɗinsa, ita aka ba ɓangaren amfanin gona ta gudanar. Ka ga gwamnati ma jinga take bayarwa. Haka aka yi a 2012 lokacin rabon taki ta wayar salula, inda kamfanin Cellulant ya riƙe tsarin. Amma wannan aljihu ya fara tsukewa. A farkon 2025 gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, daga baya aka rufe hukumar USAID. Birtaniya ma ta sanar za ta rage tallafinta daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasarta. Ofisoshin masu ba da shawara da yawa a Abuja da Kano da Kaduna da wannan kuɗi suke rayuwa, suna rubuta rahoto, suna shirya bita a otal. Akwai sauran manyan ayyuka kamar ACReSAL na dala miliyan 700, amma wannan bashi ne ƙasa ta ci, kuma yana da wa'adi. Ni a ganina wani ɓangare na masu bitar otal ɗin in sun rufe ba a yi asara ba. Asarar ita ce ta ma'aikatan fili, waɗanda suka san ƙauyuka, suka san manoma da sunansu.

Mai biya na biyu shi ne mai sayar da kayan gona. Yau babban malamin gonar mafi yawan manoma shi ne mai shagon magani a kasuwa. Ka kai masa ganye, ya duba, ya miƙo kwalba. Wasunsu sun san aiki, kuma suna tsoron Allah. Sai dai ka tuna cewa ribarsa tana cikin kwalbar. Da wuya ya ce maka ka koma gida, wannan ba ya buƙatar magani. Haka yaron feshi da ake biya a kan tanki, yawan tankin shi ne cinikinsa. Illar wannan ba a gonarka kaɗai take tsayawa ba. Tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa.

Na uku shi ne kamfanin da ke ba ka bashi ya kuma sayi amfaninka. Wannan tsari shi ya fi nuna alamar ɗorewa, don kuwa kamfanin ba zai samu kuɗinsa ba sai gonarka ta yi kyau, ke nan buƙatarku ta zo ɗaya. Babban Gona, wanda Kola Masha ya kafa a jihar Kaduna a 2012, a kan haka ya ginu: ƙananan ƙungiyoyin manoma masu lamunin juna, horo, iri da taki, sai ajiya da sayarwa. Amma buƙatarku ɗaya ce kawai har zuwa ranar girbi. Daga nan sai maganar farashi, da awon danshi, da wa zai ɗauki asara in ruwa ya ɗauke ko ambaliya ta zo. Nan ne ake rabuwa dutse a hannun riga.

A nan kuma dole a faɗa wa manoma tasu gaskiyar. Shirin bashin manoma na Babban Banki da aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015 ya raba sama da naira tiriliyan ɗaya, kuma kaso mai yawa bai dawo ba. An samu manoman bogi da 'yan siyasa, haka ne. Amma an samu manoman gaske da suka ɗauki bashin a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa, wasu kuma suka karkatar da amfanin zuwa kasuwa da farashi ya tashi. Tun ƙarshen 2023 Babban Banki ya janye daga irin wannan rabo. Kamfanin da ya rage a fili yanzu daga bankin kasuwa ko masu zuba jari yake samo kuɗi, a lokacin da ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Banki ya kai kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Duk wanda ya ƙi biya a ƙauyenku, ku sauran ne za ku biya masa, ko dai ta tsadar kaya ko ta kamfanin ya tattara ya bar yankin.

Tarakta ba ta jiran kowa

Hayar injuna ita ce ɓangaren da na fi sa ran zai girma, amma ita ma da ƙayarta. Kowa a gari ɗaya yana son haro cikin makonni biyu ko uku bayan saukar ruwa. Gonaki kuma gado ya yayyanka su, nan eka ɗaya, can eka ɗaya da rabi. Mai tarakta in ya ƙona gas yana yawo tsakanin ƙananan gonaki, faɗuwa zai yi. Shi ya sa yake fara zuwa wurin babban manomi, kai kuma ka samu bayan lokaci ya ƙure. Kamfanin Hello Tractor da aka kafa a 2014 ya gina kasuwancinsa a kan wannan matsala: wakili a ƙauye ya tara manoma masu maƙwabtaka har aikin ya kai a turo tarakta, na'urar da ke jikinta kuma tana nuna wa mai ita inda take da yawan aikin da ta yi. Dabarar tana da kyau, kuma ko ba manhaja, kai da maƙwabtan gonarka za ku iya yin hakan da kanku.

Sai dai tun da aka saki naira a Yunin 2023, kayan gyara da tayoyi da sabuwar tarakta duk sun yi tsalle. Ga rashin tsaro, ba mai tura injin miliyoyin naira dajin da ake tare hanya. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da taraktoci 2,000 daga ƙasar Belarus a 2025. Mun dai ga irin wannan a baya. Sassan hayar tarakta na jihohi ba rashin injin ne ya kashe su ba, rashin makanike da kayan gyara da kuma son kai wajen rabo ne. Abin dubawa shi ne a hannun wa za su ƙare.

Wani abin da masu jari ba sa so a ambata shi ne, duk wannan kasuwa a kan farashin hatsi take tsaye. Bayan gwamnati ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150 a 2024, farashi ya sauko a 2025, taki kuwa bai sauko ba. Manomin da buhunsa ya rage daraja, abin da zai fara yankewa shi ne kuɗin haya da na shawara, ya koma wa fartanya da 'ya'yansa.

Batun waya da ƙirƙirarriyar basira kuwa, ana ta yayata shi. Manhajar da za ka ɗauki hoton ganye ta gaya maka cuta za ta rage wa masu sayar da bayani ciniki, wannan ba shakka. Hasashen damina na hukumar NiMet ma kyauta ne, kuma ana fassara shi da Hausa. A Nijar ƙungiyar RECA tana amsa tambayoyin manoma ta waya da Hausa da Zabarmanci. Amma waya ba ta taka gonarka ba, ba ta san inda ruwa ke kwanciya ba, in ta yi kuskure kuma ba ka da wanda za ka riƙe.

Abin da za ka yi kafin ka amince

Kowa na iya buga kati ya ce shi ƙwararre ne, don haka tantancewar a hannunka take. Ka tambayi mai shawara kai tsaye, wa ke biyanka? Tambayar ba rashin kunya ba ce, mai gaskiya zai amsa. Ka ce ya nuna maka gonar da ya kula da ita bara, ka je ka tambayi mai ita ba a gabansa ba. In ya ce ka canza iri ko magani, ka gwada a 'yan kunyoyi tukuna, kada ka ba shi gonar gaba ɗaya. Idan maganar ta yi nauyi, ka ji ta bakin mutum na biyu wanda ba ya sayar da komai, ko malamin gonar ƙaramar hukuma ne, ko cibiyar NAERLS da ke Zariya. Magani ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Iri ka nemi mai tambarin hukumar iri ta ƙasa, wanda ake kankarewa a tura lambar ta waya.

A jingar tarakta, a auna gonar kafin a fara, ku yarda a kan girmanta, don nan ake yawan cutar juna ta ɓangarorin biyu. A tsayar da rana, a kuma faɗi abin da zai faru da kafin alƙalaminka in ranar ta wuce. Kada ka biya duka sai ka zaga ka ga zurfin haron. Mai feshi kuwa, ka sayi maganin da kanka, a haɗa a gabanka, ka biya shi a kan girman gona maimakon yawan tanki.

Yarjejeniyar bashi da kamfani ita ta fi buƙatar natsuwa. A karanta maka ita da Hausa a gaban shaidu. Ka san kuɗin kayan da aka ba ka, ka kwatanta da na kasuwa a ranar. Ka san ko buhu nawa za ka biya, ko naira nawa, domin ba ɗaya ba ne in farashi ya motsa. Ka tambayi farashin wace rana da wace kasuwa za a bi, wa ke riƙe da sikeli, da kuma ko akwai inshora in fari ko ambaliya ta zo, da wanda za a biya kuɗin inshorar, kai ko kamfani. In ɗan ƙungiyarku ya gaza biya, nawa zai hau kanka? Idan wakilin ya ce sai ya tambayo ofis, to ka ajiye sa hannun har ya dawo da amsa a rubuce.