Turancin Ƙauye, In Ji Wa?

A zaman karatu da muka yi kwanakin baya, wani ɗan'uwa ya miƙe ya yi wa wata matashiyar marubuciya kaca-kaca, don kawai ta sa kalmar "ɗiya" a bakin wata tsohuwa Basakkwata cikin labarinta. Hujjarsa ita ce wai Turawa da suka ci gaba ba su yarda Turancin ƙauye ya shiga littafi ba. To, tun da Turawa ya kafa hujja da su, bari mu raka shi har ƙofar gidansu.

A Sikotlan da arewacin Ingila, wajejen Niyukasul da Yokshaya, har yau za ka ji uwa ta kira ɗanta "bairn", ba "child" ɗin da aka koya mana a firamare ba. Mutumin Landan na iya jin ta ya yi murmushin raini, amma kalmar nan ba gurɓacewar komai ba ce. A tsohon Turanci na shekaru fiye da dubu da suka wuce "bearn" ake cewa, kuma tana nan daram cikin Beowulf, tsohuwar waƙar jarumtakar nan tasu. Tushenta ɗaya da "bear", wato ɗaukar ciki da haihuwa, da kuma "born". Ma'anarta ke nan tun asali: abin da aka haifa. Mutanen Suwidin da Nowe da Denmak "barn" suke cewa. Wannan kamanni ne ya sa wasu ke ɗauka maharan teku da suka fito daga can, waɗanda suka ci birnin Yok a 866, su suka kawo ta. A'a, tarar da ita suka yi. Iyakaci a ce zamansu a arewa ya ƙara mata gindin zama, yayin da kudu ta sake ta.

Me ya mayar da ita ta ƙauye? Sarki a Landan yake, kotu da kasuwa a Landan suke, kuma a Wesminista William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a ƙasar cikin 1476. Bakin masu fada da kuɗi ne ya zama daidaitacce, ba don ya fi tsufa ko tsabta ba.

Su kuwa Turawan da ake yi mana gori da su, ba su zubar da nasu ba. Joseph Wright, yaron talaka daga Yokshaya, da korar jaki ya fara aiki, ya shiga masaƙa, bai iya karatu ba sai da ya kai wajen shekara 15. Shi ne ya zama farfesa a Okisfod a 1901, ya fitar da ƙamusun kare-karen harshen Turanci mujalladi 6 tsakanin 1898 da 1905. Daga 1950 zuwa 1961 kuma Jami'ar Lids ta tura ma'aikata garuruwa 313 suna zama da tsofaffi suna rubuta maganarsu.

Yanzu mu dawo kan "ɗiya". Masana tarihin Hausa sun nuna cewa "'ya" da Bakano ke faɗi, daga "ɗiya" ta samo asali, harshe ne ya tauye ta. Ashe ke nan tsohuwar cikin labarin ita ke riƙe da uwa, mai gyara mata baki yana riƙe da 'ya! Bargery ma, a ƙamusunsa na 1934, bai ƙyamaci kalmomin Sakkwato da Katsina ba, ya shigar da su ya nuna inda ake faɗinsu.

Ba mu ce a watsar da daidaitacciyar Hausa ba, muna bukatarta a makaranta da jarida. Amma a ce tsohuwa daga Wurno ta buɗe baki cikin labari ta yi magana kamar mai karanta labarun rediyo, wannan ƙarya marubuci ya yi wa mai karatu. Mun gaya wa yarinyar ta bar kalmarta inda ta ajiye ta, kuma in Allah ya yarda a fitowa ta gaba za ku karanta labarin, da "ɗiyarsa" a ciki.