Auschwitz da safe, ramin gishiri da yamma: taura biyu ba ta taunuwa

A birnin Krakow da ke kudancin ƙasar Polan, kamfanonin yawon buɗe ido suna sayar da wata tafiya ta yini guda wadda ta yi kasuwa ƙwarai. Mota za ta ɗauki mutum daga masaukinsa da sassafe ta kai shi Auschwitz-Birkenau, sansanin da ƴan Nazi na Jamus suka hallaka mutum fiye da miliyan ɗaya. Bayan abincin rana ta wuce da shi Wieliczka, tsohuwar mahaƙar gishiri mai ban sha'awa, inda ake ɗaukar hotuna a sayi tsaraba. Tikiti ɗaya, mota ɗaya, kimanin awa 11. Wasu kamfanonin sukan fara da gishirin, amma kayan dai su ne. Ni a ganina wannan haɗi kuskure ne, kuma akwai darasi a cikinsa ga malamai da iyaye, ko da yawancinmu ba za mu taɓa taka ƙasar Polan ba.

Bari mu fara da sanin wuraren biyu, don kada mu yi hukunci a duhu.

Auschwitz suna ne da Jamusawa suka ba garin Oswiecim, mai nisan kusan kilomita 70 yamma da Krakow. A 1940 suka buɗe sansanin farko, da fari don tsare ƴan Polan masu adawa da mamaya. Daga baya suka gina Birkenau, kilomita 3 daga nan, wanda ya zama babbar mayankar mutane. An kai mutum kimanin miliyan 1.3 wannan wuri, aƙalla miliyan 1.1 daga cikinsu can suka mutu. Kusan miliyan ɗaya Yahudawa ne. Sauran sun haɗa da ƴan Polan fiye da dubu 70, ƴan ƙabilar Roma kimanin dubu 21, da fursunonin yaƙi na Tarayyar Sobiyet wajen dubu 15. Cikin waɗanda aka kai akwai yara da matasa ƴan ƙasa da shekara 18 kimanin dubu 232. Mafi yawan Yahudawan, da saukarsu daga jirgin ƙasa aka wuce da su ɗakunan iska mai guba, ko rajistarsu ba a yi ba. Ranar 27 ga Janairu 1945 sojojin Sobiyet suka shiga sansanin, suka tarar da fursunoni kimanin dubu 7 da suka rage da rai. A 1947 aka mayar da wurin gidan tarihi, a 1979 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, a 2005 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 27 ga Janairu don tunawa da wannan kisan ƙare dangi.

Abin da mai ziyara yake gani a can ba irin wanda ido ke saurin mantawa ba ne: tulin takalma, har da na jarirai, akwatunan tafiya ɗauke da sunayen masu su, don an ce musu ƙaura za su yi, tabarau, kwanoni da tukwane, da gashin kan mata kusan tan biyu da aka aske, a ɗakin da aka hana ɗaukar hoto. Hukumar gidan tarihin da kanta tana ba da shawarar kada a kawo yaran da ba su kai shekara 14 ba.

Wieliczka kuwa tana kusa da Krakow, kimanin kilomita 15 ta kudu maso gabas. Tun ƙarni na 13 ake haƙar gishiri a wurin, sai a 1996 aka daina haƙa don sayarwa. Zurfin ramin ya kai mita 327, masu ziyara kuma sukan sauka har mita 135, bayan sun taka matakala wajen 800. A ƙarƙashin ƙasa akwai tafkuna na ruwan gishiri, da mutum-mutumin da mahaƙa suka sassaƙa, da wata babbar majami'a a zurfin mita 101 wadda bangonta da daɓenta da fitilun da aka rataya duk na gishiri ne. Akwai gidan cin abinci da shagunan tsaraba, har bukukuwa ake yi a ciki. Tana cikin wurare 12 na farko da UNESCO ta amince da su a 1978. Duk wanda ya san darajar gishirin Bilma da Fachi, ya san wahalar da azalai ke sha kafin kantu ya iso kasuwar Damagaram, zai so ya ga wannan wuri. Ba ni da wata matsala da Wieliczka. Matsalata da haɗin ce.

Dalilina na farko lissafi ne kawai. Zagayen da aka saba yi da jagora a Auschwitz awa uku da rabi ne, a raba tsakanin sansanin farko da Birkenau. Birkenau kaɗai ya kai hekta 170. Daga ƙofar da jirgin ƙasa ke shiga zuwa kangon ɗakunan gubar tafiya ce mai tsawo a ƙasa. A kan wannan layin dogo aka sauke Yahudawan Hungari fiye da dubu 400 cikin ƴan makonni a 1944. Mutumin da ya san mota na jiransa, ya san an yanka masa tikitin shiga ramin gishiri na wata sa'a da ba ta motsi, ba zai iya tsayawa ya yi shiru na minti goma a wannan wuri ba. Direba na duban agogo, jagora na ƙirga kawuna. Gidan tarihin yana da zagaye na musamman na awa shida ga masu son fahimta, amma wanda ya sayi tikitin wuri biyu ya rufe wa kansa wannan ƙofa tun daga gida.

Dalili na biyu ya fi nauyi, kuma kowane malami ya san shi. Yaro ba ya gama fahimtar abu mai nauyi a lokacin da yake kallonsa. Fahimta takan zo daga baya: a cikin mota, wajen cin abincin dare, ko washegari, lokacin da zai juyo ya ce, "Malam, to waɗanda suka tuƙa jiragen nan ba su san inda suke kai mutanen ba?" Irin wannan tambaya ita ce ribar tafiyar gaba ɗaya, kuma sai ta samu fili take fitowa. Idan bayan awa biyu an sa shi cikin wani rami mai fitilu, jagora na ba da dariya, ana ce masa ya lashi bango ya ji gishiri ne, to an rufe filin. Sabon abu ya danne tsohon. Da dare abin da zai nuna wa ƴan gida a wayarsa majami'ar gishiri ce, don ita ce mai kyan hoto.

Na uku, yadda ake tallar abu yana koyar da yadda za a ɗauke shi. Idan aka jera wurin da aka kashe mutum miliyan ɗaya kusa da wurin shaƙatawa a takarda guda, da farashi guda, har da rangwame, an riga an gaya wa mai saye cewa abubuwan kallo ne guda biyu. Wurin da ke karɓar baƙi fiye da miliyan biyu a shekara, kamar yadda Auschwitz ya yi a 2019, dole a samu marasa natsuwa a cikinsu. A wannan shekarar sai da hukumar gidan tarihin ta fito fili ta roƙi jama'a su daina tafiya a kan ƙarfen layin dogon Birkenau suna ɗaukar hoton wasa. Ban ce tafiyar haɗin ce ta haifar da wannan ɗabi'a ba. Amma tunanin da ke bayansu ɗaya ne: na je, na gani, ga hoto, sai na gaba.

Masu kare wannan tsari suna da hujjoji, kuma ba na wofi ba ne. Sukan ce baƙo mai kwana biyu a Krakow, mai ƙaramin guzuri, in ba a haɗa masa ba, wataƙila ya tafi gishirin ya bar sansanin. Ashe gani cikin gaggawa bai fi rashin gani ba? Sukan kuma ce mutum na buƙatar abin da zai sanyaya masa zuciya bayan irin wannan kallo. Wani ma zai ce ai mu kanmu mukan je jana'iza da safe mu je ɗaurin aure da hantsi, ba wanda ya ce mun yi laifi.

Gaskiya ne mukan yi haka. Amma mu duba me ke kai mu. Jana'iza da ta'aziyya haƙƙi ne muke saukewa na mamaci da iyalinsa, kuma mutuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Wanda ya je Auschwitz ya je ne ya koyi wani abin da bai sani ba: yadda gwamnati mai ma'aikata da likitoci da injiniyoyi ta zauna ta tsara hallaka wata al'umma, da jadawalin jiragen ƙasa da takardun ofis. Wannan karatu ne, karatu kuwa yana son lokaci. Ko a al'adarmu, wanda ya shiga maƙabarta yakan rage murya, ya bar raha, don an koya mana cewa ziyarar kabari tunatarwa ce. Batun sanyaya zuciya kuma, nauyin da mutum ke ji bayan ya fito daga wurin nan ba ciwo ba ne da za a yi saurin nema masa magani. Shi ne abin da aka je nema. Shi kuwa mai yini guda tak, shawarata ya zaɓi ɗaya. Shiga harabar sansanin ma kyauta ne, jagora ake biya, saboda haka maganar kuɗi ba ta kai yadda ake faɗa ba.

In kuwa haɗin ya zama dole, akwai hanyar rage ɓarna. A fara da gishirin da safe, a ƙare da sansanin, yamma ta zama ta shiru da tattaunawa. A kuma faɗa wa masu ziyara cewa wuraren biyu suna da alaƙa ta gaske. A 1944 Jamusawa sun kawo fursunoni Yahudawa daga sansanonin Plaszow da Mielec zuwa Wieliczka don su yi aikin tilas a wata masana'antar kayan yaƙi da aka shirya kafawa a cikin ramin, amma matsowar sojojin Sobiyet ta hana a fara ƙera komai. Wanda ya san wannan zai sauka matakalar nan da wani ido daban.

Na san akwai mai karatun da zai ce, me ya haɗa mu da makokin Yahudawa alhali ga abin da ke faruwa da Falasɗinawa? Amsata gajera ce. Jaririn da takalminsa ke bayan gilashi a Auschwitz an kashe shi tun kafin a kafa ƙasar Isra'ila a 1948, bai zalunci kowa ba. Tausaya masa ba ya rage ko ƙwayar gero daga tausayin da muke wa wani yaron da aka zalunta a ko'ina. Ɗalibin da aka koya wa cewa wasu gawawwakin sun cancanci hawaye wasu ba su cancanta ba, an koya masa harafin farko na karatun da ya gina Birkenau.

Yanzu mu dawo gida. Mu ma muna da wuraren baƙin ciki, ko da yake kowane bala'i da kamanninsa, ba na auna su da mudu ɗaya. A 1899 ayarin sojan Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ya ratsa ƙasar Hausa yana ƙone garuruwa. Sun gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu cikin watan Afrilu, suka yi kisan gilla a Birnin Ƙonni cikin watan Mayu, kaburburan jagororin biyu kuma suna Maijirgi, kusa da Tasawa. Duk makarantar da ta taɓa shirya fita ta san yadda abin yake: an sha wahala kafin a tara kuɗin mota da mai, saboda haka ana so a cusa wuri huɗu ko biyar a yini guda, iyaye su ga kuɗinsu bai tafi a banza ba. Jarabar da ta kama kamfanonin Krakow ke nan, talauci ne kawai ya ba tamu uzuri.

Ga abin da nake roƙon malamai. Idan za a kai yara wurin da aka zubar da jini, a ba shi ranarsa shi kaɗai. A shirya su tun a aji: su wane ne suka mutu, wa ya kashe su, da wace hujja ya kafa. A duba shekarunsu kafin a ɗauke su. A yi yarjejeniya kan waya da hoto tun kafin a hau mota. A wurin, a bar musu ɗan lokaci ba tare da kowa na magana ba. Bayan an dawo a keɓe awa guda don tambayoyinsu, kowa ya rubuta abin da ya tsaya masa a rai. Fitar nishaɗi, ta kallon raƙuman dawa a Kure ko namun daji a gidan tarihin Bubu Hama da ke Yamai, a sa mata wata ranar. Ita ma tana da amfaninta, yara kuma sun cancance ta.

Iyaye kuma, idan aka kawo muku takardar neman izinin fita, kada tambayarku ta tsaya ga nawa za a biya da wurare nawa za a je. Ku tambayi me ake so yaron ya koyo, da lokacin da aka ware masa ya yi tunani a kai. In ya dawo gida ya yi shiru fiye da yadda ya saba, kada ku yi saurin kunna masa talabijin. Ku zauna kusa da shi, ku jira tambayarsa.

Allah Ya ba mu ikon tarbiyyar ƴaƴanmu a kan ganin darajar ran ɗan Adam, ko na wane ne.