Na'ura Ta Iya Karatun Takarda, Amma Ba Ta Taɓa Zuwa Bola Ba

'Yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Anaca da Fatakwal, akwai wata magana da ta taso a harkar masana'antu wadda ta shafe ku ƙwarai, ko da yake ba a nemi jin ta bakinku ba. Maganar kuwa ita ce ta yin amfani da na'ura mai ƙwaƙwalwa wadda aka koya wa karatu da tantancewa, watau abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira, don a gane kamfanin da yake kashe kuɗi da gaske wajen ƙera kaya masu ƙarko, waɗanda ake iya gyarawa in sun lalace, a kuma sake sarrafa su in sun mutu.

Dalilin neman wannan awo a fili yake. Yau kowane kamfani cewa yake yi shi mai kare muhalli ne. A 2020 Hukumar Tarayyar Turai ta bincika irin wannan iƙirari da ake yi a kan kayan sayarwa, ta tarar fiye da rabinsa ko dai a dunƙule yake, ko na yaudara, ko maras tushe. Na'urar kuwa tana iya karance rahoton shekara na kamfanoni masu yawa cikin ɗan lokaci, ta ware alkawarin da aka sa wa adadi da wa'adi daga zaƙin baki kurum. Ba mu musa amfanin wannan ba.

Amma wanda ya san Jos ba zai yi saurin tafi ba. Tun farkon shekarun 1900 Turawa suka kama haƙar kuza a kan tsaunin nan. A 1914 jirgin ƙasa ya iso daga Zariya domin jigilarta. Kamfanoni irin su Amalgamated Tin Mines suna da akawuna da manyan littattafai, kowane tan da ya fita a rubuce yake, masu hannun jari a Landan suna samun rahotonsu a kan kari. Da a ce akwai wannan na'ura a wancan zamani aka miƙa mata littattafan nan, da ta shaide su da iya tsari. Abin da ba zai zo gabanta ba shi ne gonakin Birom da aka tone, da ɗaruruwan kududdufan da aka bari a Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi. Kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, harkar da ta riga ta yi rauni ta ƙarasa durƙushewa, ramukan kuwa suna nan, suna cin mutane da shanu. Gaskiya ne masu noman rani suna ban ruwa da wasunsu, amma wannan dabarar talaka ce, ba shirin kamfani ba.

To, ina ruwan mazaunin Agege da wannan? Da kuza ake shafe gwangwani, da ita kuma ake liƙe wayoyin cikin rediyo da talabijin da tarho. Irin kayan nan ne, bayan sun tsufa, suke ƙarewa a kasuwar Alaba da Computer Village ta Ikeja, daga nan su faɗa hannun 'yan jari-bola, waɗanda da yawansu yaranmu ne. Su ne suka san gaskiyar kowane kaya. Sun san gwangwanin alminiyam kuɗi ne a kan sikeli, farar gorar roba ta fi mai launi daraja, ledar da aka manne roba da alminiyam a cikinta kuwa babu mai saye, sai kwata. Mai gyaran tarho ya san kamfanin da ya ɗaure batir da noti da wanda ya manne shi da gam don kada a buɗe. Babu ko ɗaya daga cikin wannan sani a rahoton shekara.

Akwai kuma haɗarin zalunci. Maƙerin da yake narke tsohon alminiyam a Jos ya zuba tukwane ya riga manyan kamfanoni yin abin da ake yabo, amma ba shi da rahoto da Turanci, saboda haka a wurin na'ura kamar babu shi.

Faransa, tun Janairun 2021, ta wajabta a liƙa wa wasu kayan lantarki maki cikin 10 bisa sauƙin gyaransu, ana duba sauƙin kwancewa da samuwar kayan gyara da farashinsu. Irin wannan ne ya kamata a ciyar da na'urar da shi. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da tsarin da ya ɗora wa mai ƙera kaya alhakin abin da ya ƙera har bayan mutuwarsa. In za ta ɗauki wannan na'ura, muna kira gare ta da ta haɗa da farashin sikeli da shaidar masu gyara, a kuma biya su ladan bayanin da suka bayar. Shugabannin 'yan gwangwan da Sarakunan Hausawa na Agege da Sabon Badun su kai wannan buƙata a rubuce tun ba a gama tsara ma'aunin ba.