A Saurari Inji Kafin A Biya Kuɗin Mota

Mun daɗe muna lura da wata hasara da ke auka wa malaman makaranta da akawuna. Mutum ya yi shekaru yana tattalin albashinsa, ko kuwa ya ci rance, sa'an nan ya sayi mota ta hannu don ya ga fentinta yana sheƙi. Kafin wata uku sai ka tarad da ita a garejin makanike, an ce inji ya buga. Ga bashi ana yanka a albashi, ga shi ya koma tafiya a ƙasa. Ba mu musun ƙaddara, amma lalle yawancin injuna sukan yi kuka kafin su mutu, mai saye ne bai san kukan ba.

Kukan nan iri-iri ne. Akwai ƙara mai kama da tsakuwa cikin gwangwani, wadda a kan ji in an taka totur ko ana hawan tudu. Wannan alama ce mai yana fashewa cikin silinda maimakon ya ƙone a hankali. Abin da ke kawo shi shi ne fetur maras kyau, ko wutar fulogi mai zuwa da wuri, ko baƙin dauɗa da ya taru bisa fistan, ko zafin inji. Don maganin wannan ƙara ne aka gano zuba sinadarin dalma cikin fetur a Amurka a 1921, daga baya aka tabbata guba ce, har Aljeriya ta zama ƙasa ta ƙarshe da ta bar sayar da shi a 2021. Gyaransa ba shi da tsada, amma in aka ƙyale shi yakan huda fistan.

Akwai kuma ƙyas-ƙyas daga saman inji, watau kukan tafet. Sau da yawa saiti kawai yake bukata, ko canjin baƙin mai. Akwai kukan fistan da ya yi sako-sako, wanda ke tashi da sanyin safiya ya lafa in inji ya ɗumama. Amma wanda ya kamata a guje masa shi ne bugu mai nauyi daga ƙasa, kamar ana dukan ƙarfe da guduma, yana ƙaruwa in an ba da wuta. Wannan metal ɗin kiranshaf ne ya cinye, kuma galibi sai an sauke inji.

To, yaya za a yi? Mai saye ya je da sassafe, ya taɓa inji da hannunsa. In ya ji ɗumi, watau an riga an tashe shi, sai ya ce zai komo gobe. Ya zaro sandar gwada mai: in man ya yi kauri ƙwarai, mai yiwuwa an zuba shi ne don ɓoye ƙara, in yana ƙyalli da garin ƙarfe, ciniki ya ƙare. Ya duba fitilar mai ta mutu da zarar an tashi inji. Sa'an nan makanikensa na kansa, ba na dillali ba, ya tsai da wutar silinda ɗaya bayan ɗaya. In bugu ya ragu a wata silinda, nan cutar take. Daga nan a hau tudu da motar a saurara.

Wani zai ce kunya ta hana shi wannan bincike, musamman in mai motar na gaba da shi ne a wurin aiki. Mu kuwa muna cewa kunyar yini ɗaya ta fi sauƙi bisa bashin shekara uku, cinikin biri a sama kuwa bai dace da mai ilmi ba. Muna kuma ba da shawara ga kwalejojin horon malamai su riƙa nuna wa ɗalibai tsohon inji a buɗe cikin darasin kimiyya, domin malamin da ya ga fistan da idonsa da wuya a ruɗe shi.

Allah ya sa mu dace, amin.