Gara a Ƙyanƙyashe Ƙwan Mesa a Gida da a Ɗebo Shi a Daji

Masu iya magana kan ce abincin wani gubar wani. Macijin da Bahaushe zai gani ya nemi sanda, shi ne wasu mutanen Amurka da Turai suke saye da kuɗinsu, su ajiye a ɗaki suna kiwo tamkar kyanwa. Wadda suka fi so ita ce wata ƙaramar mesa marar dafi, mai dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata. Asalinta Afirka ta Yamma ne da ta Tsakiya, kuma ƙasashen Gana da Togo da Benin su ne kan gaba wajen fitar da ita. Wannan ne ya sa ƙyanƙyasar ƙwanta a gidajen Turawa ta shafi manomin Afirka.

Aikin ba na gaggawa ba ne. Mesar kan saka ƙwai kamar 4 zuwa 10, masu taushin ɓawo, manne da juna. A daji uwar kan nannaɗe su har tsawon wata biyu ba tare da ta ci komai ba. A gida kuwa, mai kiwo kan ɗauke su ya jera cikin akwati mai danshi, ya sa a na'urar ƙyanƙyasa mai zafin digiri 31 zuwa 32 a ma'aunin Salshiyas, na tsawon kwana 55 zuwa 60. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, kuma sai ana juya shi. Na mesa kuwa ba a juya shi, domin ɗan tayin yakan zauna ta sama, juyawar na iya kashe shi. Idan danshi ya yi ƙaranci ƙwan ya motse, idan ruwa ya yi yawa ya ruɓe.

Idan ba a sha wannan wahala ba, daji ne ke biyan bukatar kasuwa. A ƙasashen da aka ambata, mafarauta kan haƙe ramuka su kwashe ƙwai da matan da ke ɗauke da ƙwai, su kai wa dillalai, a ƙyanƙyashe, a yi jirgi da 'ya'yan. Gaskiya ne yarjejeniyar CITES, wadda ta fara aiki a 1975, ta wajabta samun izini kafin fitar da mesa, amma takardar izini ba ta mayar da ƙwai rami. Abincin wannan mesa kuwa galibi ɓeraye ne. Ke nan duk ramin da aka kwashe, an rage wa gona da rumbu mai gadi. Duk mesar da aka ƙyanƙyashe a gida daga iyayen da su ma a gida aka haife su, ta rage dalilin haƙa rami guda.

Sai dai masu suka suna da hujjar da ba za a raina ba. Wannan mesa kan rayu shekara 20 zuwa 30, mai sha'awa kuwa kan gaji. Mesar Bama, wadda aka kai Amurka don kiwo, ta ɓalle ta yaɗu a fadamun kudancin Fulorida, ta yi wa ƙananan dabbobi ɓarna, har gwamnati ta haramta shigo da ita a 2012. Amma abin da wannan ke nunawa shi ne illar sakaci da yar da dabba. Maganinsa kuwa doka ce da sanin ya kamata: kada mutum ya ƙyanƙyashe abin da bai tanadar wa mazauni da abinci da mai karɓa ba.

Daga ƙarshe, tun da ba a iya hana mutane sha'awarsu, ya kamata su ɗauki nauyinta a gidajensu, su bar dajin Afirka da ƙwansa. Malamin gobe kuma ya koya wa ɗalibansa cewa ba kowane maciji ne abokin gaba ba.