Mudu Biyu a Kasuwa Ɗaya

A Amurka akwai hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i, watau NCAA. Da can dokarta ta hana ɗalibi karɓar kuɗi ko kyauta saboda wasansa. To, mu dubi yadda aka yi ta yanke hukunci.

A 1987 aka tarar ana biyan 'yan ƙwallon Jami'ar Southern Methodist kuɗi a ɓoye, aka hana su wasa shekara guda cur. A 2010 aka hori Jami'ar Kudancin Kalifoniya saboda kyautar da ɗan wasanta Reggie Bush da iyayensa suka karɓa, har ya mayar da kambinsa na Heisman. Amma Jami'ar North Carolina, inda ɗalibai wajen 3,100 suka ci darussan jeka-na-yi-ka, kusan rabinsu 'yan wasa, sai aka sallame ta a 2017, wai darussan na kowa da kowa ne.

Abin da ya dame mu ke nan, mu malamai: an hori mai karɓar kuɗi, an ƙyale mai cutar ilmi. A 2021 aka sassauta dokar kuɗin, a 2024 aka mayar wa Bush kambinsa. Amma wa zai mayar wa yaran nan karatun da suka rasa?